Adaidaita goma sha ɗaya suka wuce ni yau da safe

Sunusi Mai Gyaran Waya
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina haɗiye wannan magana, yau dai ta ƙi haɗuwa. Ni shan inna ta kama ni ina ɗan shekara uku, tun daga nan ƙafata ba ta sake ɗaukata ba. Gyaran waya nake yi a Farm Centre, gidanmu kuma yana Sheka. Kekena irin mai naɗewa ne, idan aka naɗe shi bai fi faɗin buhun shinkafa ba. Yau ƙarfe bakwai da rabi ina bakin titi. Da bakina na ƙirga, adaidaita goma sha ɗaya na ɗaga wa hannu. Kowanne sai ya rage gudu, ya kalli keken, ya kalle ni, ya ƙara wuta. Akwai wanda fasinjansa ya miƙo min naira ɗari, a zatonsa bara na fito. Na goma sha biyu ne ya tsaya, ya ce sai dai shata. Inda kowa ke biyan ɗari uku, ni dubu ɗaya da ɗari biyar na biya. Kafin in taɓa wayar kowa, kuɗin gyaran waya guda ya riga ya tafi. An ce akwai doka a ƙasar nan da ta hana a nuna mana bambanci a abin hawa. To ina take? Kuma tsakani da Allah, abin hawan haya irin namu zai taɓa iya ɗaukar irinmu, ko dai mu haƙura?

Maman Khalifa
Wa alaikumus salam. Malam Sunusi ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Bari in gama sallamar yara makaranta in dawo, ina da magana.

Auwalu Ɗan Sahu
Yaya Sunusi, Allah ya ba ka haƙuri. Ni ɗan adaidaita ne shekara tara, kuma ba zan yi maka ƙarya ba, ni ma na taɓa wuce mai keke. Amma ka ji ta bakinmu. Mashin ɗin da nake ja ba nawa ba ne, kullum sai na kai wa mai shi balas, ko na samu ko ban samu ba. Ga mai, wanda tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ya zama shi ne ubangidanmu na biyu. Ga kuɗin rasit. Kasuwarmu kuma daga bakwai zuwa tara na safe take, lokacin 'yan makaranta da ma'aikata. Idan na tsaya maka, sai na sauko, na taimaka ka hau, na naɗe keken, sannan in nemi inda zan sa shi. Adaidaita ba ta da but na kirki, ɗan wurin da ke bayan kujera ko jakar kasuwa ba ya ɗauka sosai. Dole keken ya ci wurin mutum ɗaya ko biyu. Fasinjan da ke ciki kuma yana ta ƙorafi ya makara. Ba ƙiyayya ba ce wallahi, lissafi ne.

Sunusi Mai Gyaran Waya
Na gode da ka faɗi gaskiya ƙanena. Amma in keken ya ci wurin mutum ɗaya, ka ce in biya na mutum biyu, ɗari shida ke nan. Me ya kawo dubu ɗaya da ɗari biyar? Kuma ni ba a ɗaukata, da hannuna nake kama ƙarfen in haye, ko minti ɗaya ba na yi. Ba ku ma tsayawa ku gani.

Auwalu Ɗan Sahu
A nan ka fi ni gaskiya. Wanda ya caje ka haka ya ga ba ka da zaɓi ne. Akwai irinsu a cikinmu, ba zan kare su ba.

Barista Hauwa
Malam Sunusi, dokar tana nan. Ita ce dokar haramta nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019. Ta tanadi tarar naira dubu ɗari ko ɗaurin wata shida ga mutum ɗaya da ya nuna bambanci, kamfani kuma naira miliyan ɗaya. Ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a da abubuwan hawa yadda kowa zai iya amfani da su, wa'adin kuma ya cika tun Janairun 2024. A ɓangaren sufuri ta yi maganar gangaren hawa da na'urar ɗagawa a motoci da tashoshi, ta ce motar haya ta riƙa nuna inda za ta da rubutu da kuma murya, ta ce direba ya tsaya cak kafin mai lalura ya hau ko ya sauka, kuma a bar shi ya fara shiga. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa da za ta kula da wannan. Tun 2010 ma Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinku. Saboda haka ba alfarma kake nema ba, haƙƙinka ne.

Injiniya Kabiru
Barista, da girmamawa, duk lokacin da na karanta wannan sashe sai in tambayi kaina wace mota aka hango da ake rubuta shi. Gangaren hawa da na'urar ɗagawa ai kayan babbar bas ne mai ƙasa-ƙasan daɓe, irin wadda gwamnati ko babban kamfani ke gudanarwa, mai tsayayyen wurin tsayawa da dakali daidai bakin ƙofa. A Legas da suke da BRT, wato manyan bas masu layinsu daban, tun 2008, da dokarsu ta jiha kan masu buƙata ta musamman tun 2011, aƙalla akwai wanda za a riƙe a ce ya gyara. Mu a Kano wa ke ɗaukar jama'a? Adaidaita. Zamanin Malam Shekarau aka kawo ta domin mata, da aka hana acaɓa a Janairun 2013 sai ta gaje garin gaba ɗaya. Dubban mashina, dubban masu su, kowa cin gashin kansa yake. Ta ina za ka sa na'urar ɗagawa a jikin mashin mai ƙafa uku? Ko a jikin Sharon da Golf ɗin da ake cusa mutum biyu a gaba, huɗu a baya?

Barista Hauwa
Ban ce a sa wa adaidaita lifta ba, Injiniya. Amma ƙin tsayawa da ninka kuɗi sau biyar ba matsalar ƙirar mashin ba ce. Wannan nuna bambanci ne tsagwaronsa, kuma doka ta hana. Idan muka ce sai an kawo manyan motoci tukuna za a fara maganar haƙƙi, to Malam Sunusi zai tsufa a bakin titi.

Injiniya Kabiru
To wa zai kama direban da ya wuce? Zai ce bai gan shi ba, ko ya ce ba can za shi ba.

Malam Isiyaku
Salamu alaikum. Ni makaho ne, malamin makaranta, wayata ce ke karanta min abin da kuke rubutawa, don haka ku yi haƙuri in na yi jinkiri. Ina so in ja hankalinku kan wani abu. Duk lokacin da aka ce sufuri da nakasassu, hankalin kowa sai ya tafi kan keken guragu, alhali kowannenmu da irin katangarsa. Ni hawa mota bai dame ni ba, ƙafata lafiya lau. Abin da ke wahalar da ni shi ne tsakanin ƙofar gida da bakin titi, da tsakanin inda aka sauke ni da inda za ni. Kwata a buɗe ba murfi. Gefen titin da aka yi don masu tafiya a ƙasa mai shayi ya kafa tebur, mai faci ya baza tayoyi, wani ya ajiye mota. Dole in sauko kan kwalta ina lalube da sanda, mashina na gogar rigata. Bara da damina wani direba ya sauke ni, na ce masa ɗana ina ne nan, ya ce ai ka iso Baba, ya ja. Ashe ya wuce da ni kwanar titi guda gaba. Taku uku na yi na zurma cikin kwata har gwiwa, littattafan ɗalibai suka jiƙe sharkaf. Abin da nake roƙo ba ya cin ko kwabo: ka gaya min inda muke, ka sauke ni inda na ce, ka faɗa min kuɗin da ka miƙo min canji nawa ne. Shi ke nan.

Hajara Tudun Maliki
Malam ya faɗi nasa, ga nawa. Ni kurma ce. A tasha komai da baki ake yi. Ɗan kamasho yana kiran gari, ni ina ganin bakinsa na motsi kawai. Wasu motocin ana ɗora ɗan allo a kai da sunan gari, wannan yana taimakona ƙwarai, amma da an fara lodi sai a sauke a kai kan ta gaba. Na taɓa shiga motar Gusau ina zaton ta Katsina ce, sai da na ga hanyar ba ita ba ce na fara buga kujera. A adaidaita kuma ina rubuta unguwa a waya in nuna, direba da yawa ba sa iya karantawa, ko ba su da haƙurin dubawa. Idan zan sauka ba ni da hanyar cewa a tsaya sai na taɓa kafaɗarsa, ni mace, wani ya juyo da faɗa. Maganar hannu ba wuya ce da ita ba. Alama biyar kawai direba ya sani, tsaya, nawa, dama, hagu, na gode, ta wadatar.

Malam Isiyaku
Kin ga ni da ke, 'yata, abin da ɗaya ke nema ɗayan ba ya amfana da shi. Ke rubutu, ni murya. Shi ya sa dokar da Barista ta karanto ta haɗa biyun.

Abba Zage
Ni dai gani nake da gwamnati ta ware musu motocinsu daban kawai, kyauta, kowa ya huta. Bayin Allah nakasassu abin tausayi ne.

Hajara Tudun Maliki
Ba ma son a ware mu. Motar daban sau nawa za ta zo unguwarku a rana? In ta lalace fa? Kuma don Allah a rage kiranmu abin tausayi, ni ɗinki nake yi, ina da yara huɗu da nake koya wa.

Abba Zage
Afuwan Hajiya, ban yi nufin ɓata rai ba.

Maman Khalifa
Na dawo. Ɗana shekararsa goma sha ɗaya, tun wajen haihuwa ya samu matsala a ƙwaƙwalwa, ba ya zama da kansa, wuyansa ma sai an tallafe. Sau biyu a mako ya kamata in kai shi gashin ƙashi asibiti. Da yana ƙarami goya shi nake in hau duk abin da na samu. Yanzu ya yi nauyi, bayana ya fara ciwo, ƙafafunsa har gwiwata suke kaiwa in na goya shi. Kekensa ba mai naɗewa ba ne, mai madogarar kai ne, ba ya shiga adaidaita ko ta yaya. Don haka keken a gida yake zama, ni nake zama kekensa. In muka shiga cikin mutane, yana zubar da yawu, wani lokacin ya yi ƙara, sai ka ga mace ta janye mayafinta, wata ma ta ce a tsaya ta sauka. Na koma shata ba don ina da kuɗi ba, don in huta da kallo. Zuwa da dawowa ya fi kuɗin ganin likitan. Wata uku ke nan sau ɗaya nake kai shi a mako, kuma ina gani da idona hannunsa na ƙara ƙagewa. Abba da ya ce motar daban, ni ban ƙi ba. Hajara tana da gaskiya a nata, amma irin ɗana ba adaidaitar da za a gyara ta ɗauke shi. Ko mota ɗaya ce mai faɗin ƙofa da za a kira ta waya, a biya kuɗi mai sauƙi, ranar asibiti kawai, wallahi ta canja mana rayuwa.

Hajara Tudun Maliki
Maman Khalifa ki yafe ni, ban hango irin naki ba. Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki.

Usman Landan
Allah ya sauƙaƙa Hajiya. Ni ina aikin jinya a Landan, bari in faɗi abin da nake gani, ba don in ce can aljanna ce ba. Tun ƙarshen 2005 motocin bas na birnin suka koma masu ƙasa-ƙasan daɓe. Direba yana danna maɓalli, motar ta ɗan rusuna, gangare ya fito daga ƙofar tsakiya, mai keke ya tura kansa ciki ba wanda ya taɓa shi, kuma ba ya biyan ko sisi. Kowace tasha murya na faɗin sunanta, allo kuma yana rubutawa, abin da Malam Isiyaku da Hajara ke nema ke nan. Amma jirgin ƙarƙashin ƙasa, da yake tun 1863 aka fara shi, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na tashoshinsa za ka shiga ba matakala. Kuma rigimar wuri tana nan. Wani mai keke, Doug Paulley, an hana shi hawa bas a yankin Yorkshire saboda wata mai jego ta ƙi matsar da keken jaririnta daga wurin da aka ware wa masu keken guragu. Sai da maganar ta kai Kotun Ƙoli, a 2017 ta ce bai isa direba ya roƙa sau ɗaya ya yi shiru ba, dole ya ƙara matsa wa wanda ya tare wurin. Abin da na fahimta shi ne a Landan ɗin ma ba kirkin direba ne ya kawo gyara ba. Hukuma ɗaya ce ke ba da kwangilar hanyoyin, ita ke cewa ga irin motar da za ka kawo in kana son aiki, kuma direba albashi yake ci, minti biyun da ya tsaya ba daga aljihunsa suke fita ba.

Auwalu Ɗan Sahu
Yauwa! Wannan ta ƙarshen ita ce maganar. Ni minti biyun daga tuwon 'ya'yana suke fita.

Injiniya Kabiru
Abin da nake ta son faɗa ke nan. Ɗaukar mai lalura yana da ƙarin kuɗi, na wuri da na lokaci, kuma dole wani ya biya. A tsarinmu an bar talaka biyu su yi ta ja a bakin titi, Sunusi da Auwalu, wanda ya fi rauni shi ke biya. Ga abin da nake ganin zai yiwu ba tare da jiran jirgin sama ba. Duk lokacin da wata gwamnati za ta sayo manyan motoci, a sa sharaɗin daɓe ƙasa-ƙasa da wurin keke tun wajen saye, domin gyara daga baya ya fi tsada nesa ba kusa ba. Haka gadar tsallaka titi, in matakala ce zalla to an gina ta ne don rabin jama'a, tsoho da mai ciki da mai ɗauke da kaya ma ba ta yi musu ba. Su kuma 'yan adaidaita, tunda ana karɓar kuɗin rasit a hannunsu kullum, me zai hana wanda ya yi rajista ya sa maƙalin keke a bayan mashin ɗinsa a yafe masa wannan kuɗin, a manna masa alama kowa ya gane shi daga nesa?

Barista Hauwa
Ina goyon bayan rangwamen, amma ina tsoron abu ɗaya. In aka ce masu alama ne kawai ke ɗauka, sauran sun samu hujjar wucewa ke nan. Dole ƙungiyar direbobi ta sa a dokarta cewa ƙin tsayawa laifi ne, kamar yadda suke cin tarar wanda ya tsallake layin lodi. Shugaban reshe ya fi kotu saurin hukunci a tasha, kowa ya san wannan.

Alhaji Ɗanladi Kawo
Ni na yi shekara ashirin ina harkar tasha a Kaduna kafin in ajiye. Barista ta faɗi daidai. A reshenmu mun taɓa yin ƙa'ida cewa kujerar gaba ta mai lalura ce in ya zo kafin mota ta cika, shi kaɗai, kuɗin mutum ɗaya da rabi, kekensa kuma ba kaya ba ne balle a caje shi kuɗin but. Ta yi aiki muddin muna wurin. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne banɗaki. Mutum zai yi tafiyar awa biyar, banɗakin tasha matakala uku ne da ƙofa ƙunci, ƙasa a jiƙe. Wani bawan Allah ya taɓa gaya min tun daren jiya ya daina shan ruwa saboda tafiyar. Na kasa kallon idonsa. Sannan masu murnar jirgin ƙasan Kaduna zuwa Abuja da aka buɗe a 2016, su tuna kafin mai keke ya ga jirgin sai ya fara kai kansa tashar Rigasa, in ya sauka tashar Idu kuma sai ya nemi abin da zai shigar da shi gari. Tafiya sarƙa ce, in zobe ɗaya ya tsinke ta tsaya.

Mamman Maraɗi
Mu ma nan haka take. Kabu-kabu, wato acaɓa, ya fi yawa, mai keke kuwa ba ya hawa babur. Shi ya sa yawancin 'yan'uwanmu guragu suka dogara da kekensu mai ƙafa uku na tuƙin hannu, mai hali kuma ya sa a mayar masa da babur mai ƙafa uku. Sun cire rai da abin hawan haya ne gaba ɗaya.

Sunusi Mai Gyaran Waya
Na yi shekara shida da irin wannan keken, Malam Mamman, 'yan'uwanmu masu shan inna ne ma ke ƙera su a nan Kano. Amma tuƙa shi daga Sheka zuwa kasuwa cikin zafin watan Afrilu, tsakanin tirela da adaidaita, kafaɗa ba ta jurewa. Likita ne ya ce in daina.

Garba Mai Walda
Malam Sunusi, in ka naɗe keken naka tsawonsa da faɗinsa nawa ne, kuma kilo nawa? Maƙalin da Injiniya ya faɗa ba wani abu ba ne, ƙugiya biyu ce da ɗan faranti a ƙasa da igiyar roba. Abin lura kawai kada ya rufe lamba da fitilar baya, kada kuma nauyi ya rinjayi mashin ɗin a kwana. In akwai mai ba da mashin ɗinsa a gwada, ƙarfen da aikin ni zan ɗauka.

Auwalu Ɗan Sahu
Sai na tambayi mai mashin tukuna, ba na son ya ga walda a jikin kayansa ya ƙwace makulli. In da noti za a ɗaure yadda za a iya kwancewa, ina ganin zai yarda. Yaya Sunusi, ni ta Zoo Road nake fitowa kullum da safe, Sheka ba ta yi min nisa ba. Gobe bakwai da kwata ka same ni a bakin titinku.

Sunusi Mai Gyaran Waya
Na gode ƙanena, amma da sharaɗi: zan biya kuɗin kujerata da ta keken, kuma ka ɗauki sauran fasinjanka kamar kullum, ina so su saba ganinmu a ciki. Malam Garba, da na tashi daga kasuwa zan sa a auna in turo maka.

Maman Khalifa
Malam Garba, in ka gama da nasa don Allah ka zo ka dubi na Khalifa, ko akwai dabarar da za a yi madogarar kan ta riƙa cirewa. Ranar Talata ce ranar asibitinmu.

Garba Mai Walda
Ki turo min hotonsa ta gefe da ta baya, Hajiya, in ga yadda aka haɗa shi.